Rawanin da Ya Tare Hanyar Salha

Tun a filin jirgin Khartoum na fara faɗa. Wani mai tura kaya ne ya ɗora hannu a kan kwalina, ba sallama ba komai, na daka masa tsawar da ta sa ɗan sandan bakin ƙofa ya waigo. Bai san Hausa ba, amma ya gane, ya janye hannunsa ya yi gaba yana ƙunƙuni.

Sunana Ishaku, malamin makaranta ne ni a Kaduna, kuma na sani ba ni da daɗin sha'ani a hanya. Kwalin nan dogo ne mai faɗi kamar ƙyauren ɗaki, na ɗaure shi da igiya ta ko'ina. A cikinsa keken ƙanena ne, Muhammad Auwal, an kwance masa tayoyi da feda. Ni da Auwal mun yi shekaru muna hawan keke duk Asabar, yara na binmu da dariya wai tsofaffi sun ƙi girma. Shi ya ƙirƙiro maganar Sudan. Ya ce mu hau jirgi da kekunanmu, mu tsallaka Omdurman, mu bi gaɓar kogi har madatsar ruwa ta Jabal Awliya, daga nan mu nausa Jazira mu ga Hausawan da ake cewa sun cika can.

Ba mu samu yi ba. A hanyar Birnin Gwari mutane suka tare motarmu da rana tsaka. Wani fasinja da ya wuni yana waya a bayanmu, shi ya sauka yana nuna musu wanda za su ɗauka. Ni na fito daga dajin. Auwal bai fito ba.

Da na sayi tikiti, 'yata Rahmatu ta riƙe baki ta ce, "Baba, cikin azumi? Kai kaɗai? Kai da ko Zariya ba ka zuwa sai an yi ta lallashi?"

Na ce mata hutun makaranta bai tambaye ni watan da zai faɗo ba. Keken nan sai ya taka hanyar da mai shi ya zana masa, ko da turo shi zan yi, kuma ba mahalukin da zai raba ni da shi. Wannan duk kafin yaƙi ya ɓarke a ƙasar ne.

'Yan kwastan sun buɗe kwalin sun leƙa. Kafin in mayar da igiya na zaro famfon keken, na ƙarfe ne mai nauyi, na riƙe shi a hannu. Masu tasi suka yi mini caa a waje, na ƙi kowa. Ni da direba mu biyu a mota a garin da ban sani ba? Allah ya kiyaye. Na ja kayana zuwa babban titi cikin wani irin zafi mai toshe numfashi, na shiga motar haya tare da jama'a har tashar da suke kira Jackson.

Tashar nan, wayyo! Mota a kan mota, mutum a kan mutum, kowa bakinsa a bushe, kowa a fusace. Na riƙa tambaya da ɗan Larabcin Islamiyya da nake da shi, ina cewa Salha nake so, can kudancin Omdurman, inda na shirya kwana in ɗaura keke da safe. Wasu suka yi dariyar Larabcin nawa, wai kamar mai huɗuba. Ana cikin haka wani ya take gefen kwalin, na ce da ƙarfi, "Kai, makaho ne kai? Ubanka ne ya saya mini?"

A nan na fara ganinsa. Wani dogon mutum ne baƙi, zai yi shekara talatin da wani abu, rigarsa da tabon man inji, a hannunsa waya mai fasasshen gilashi. Jin zagin nan ya juyo da sauri, ya dube ni, ya dubi hulata, ya dubi kwalin, sannan ya yi murmushi. Ban so murmushin nan ba ko kaɗan. A raina na sa masa suna Mai Waya.

Na shiga motar Omdurman, na tura kwalin tsakanin kujeru, na dafe shi da gwiwa. Da na waiga, ga Mai Waya a kujerar baya. Kwandastan, wanda su suke ce wa kumsari, ya biyo yana kaɗa yatsu yana karɓar kuɗin mota. Na miƙa masa nawa, ya girgiza kai, ya nuna baya da haɓa. Mai Waya ya dafa ƙirji, ya ɗan sunkuyar da kai.

A inda na fito, idan wanda ba ka sani ba ya biya maka mota, to fara karanta duk addu'ar da ka iya. Na dage sai kumsari ya karɓa, ya ƙi, har wata mata ta gefena ta yi mini magana cikin faɗa-faɗa, da alama cewa take in bar wauta.

Muka hau gada. Kogin da Auwal ya shekara yana nuna mini hotonsa a waya, ga shi nan a ƙarƙashina, amma wallahi ban kalle shi ba. Idona na kan gilashin taga, ina kallon inuwar mutumin nan yana danna waya. Wannan abu har yau yana ba ni haushi.

A Omdurman na yi dabara, ko in ce abin da na zaci dabara ce. Na sauka, na kutsa cikin masu sayar da dabino da garin yaji, na sha kwana, na sake shan wata, ina jan kwali ina haki. Da la'asar ta yi na samu wani ƙaramin masallaci, na jingina kwalin a baranda, na ɗaura bakin igiyar a idon sawuna, na yi salla a sahun ƙarshe. Allah ya yafe mini, ban san abin da na karanta ba. Da na fito ban ga kowa ba, na ce alhamdu lillahi, na yar da shi.

Motar Salha ƙarama ce, ba wurin kwali a ciki. Direba ya ce sai a sama. Muka yi ta ja, shi da Larabci ni da Hausa, daga ƙarshe na hau da kaina na ɗaure, na zuro bakin igiyar ta taga, na zauna na naɗe ta a hannun hagu. Famfo yana hannun dama. Mota ta fara motsi ke nan sai wani ya buga ƙofa, aka buɗe, ya shigo yana share gumi. Mai Waya ne. Ya gan ni, fuskarsa ta washe kamar ya tsinci abin da ya ɓace masa.

Inna lillahi. Na ce shi ke nan, Ishaku, ka bar Birnin Gwari a gida ka zo ka same ta a nan.

Ya zauna a bayana daidai, ya sa waya a kunne. Larabcin titi ba na jin sa sosai, amma tsoro yana buɗe kunne. Na ji "Najeriya". Na ji "ajala", kuma tun a filin jirgi na koyi cewa haka suke kiran keke. Na ji ya ambaci farar mota mai kwali a sama. Sannan ya maimaita wata magana da na fahimta sarai: kada ku bari ta wuce.

Na duba fuskokin mutanen motar. Wannan na gyangyaɗi, wancan na jan carbi, matar da ke gaba tana gyara lulluɓi. Haka mutanen motarmu suke a ranar nan ma, ba wanda ya lura da komai. Na yi tunanin in kaɗa yatsu kamar yadda suke yi a sauke ni. To in na sauka ai shi ma sauka zai yi, ga kwali a sama, ga gidaje sun fara nisa da juna. Na yi tunanin in yi ihu. In ce me, da wane harshe? Na zauna, igiyar ta ci hannuna har yatsuna suka mutu.

Rana ta yi ja ta kusa faɗuwa. Direba ya ƙara wuta, kowa na son ya sha ruwa a gidansa. Mai Waya ya sake kira, gajere, ya leƙa ta taga.

Sai na hango shi. Wani farin ƙyalle ne dogo an miƙe shi daga wannan gefen titi zuwa wancan, mutane riƙe da shi, wasu kuma tsaye a tsakiyar kwalta suna ɗaga hannu. Direba ya danna oda, ya nemi ya kauce ta gefe, wani ƙato ya sha gabansa ya buɗe hannuwa. Birki ya yi ƙara. Kafin mota ta gama tsayawa an ɓalle ƙofa, maza sun zuro kai suna ihu, suna kama hannun fasinjoji suna ja. Fasinjoji na gardama, su kuma suna rantse-rantse.

Mai Waya ya miƙe, ya nuna ni da yatsa, ya ce wani abu da ƙarfi. Ya fice, ya dafe mota ya haye sama. Na ji igiyar hannuna ta yi sako-sako.

Daga nan ban ga komai ba sai daji. Na ture na gabana, na faɗo waje ina kiran sunan Auwal, na ga kwalin yana saukowa a hannun mutane. Na zabura zan isa gare shi, wani ya cafke mini hannun riga. Ban duba ko wane ne ba. Na ɗaga famfo na sauke masa da duk ƙarfina.

Wani kwano ya faɗi, dabino ya watse a kan kwalta.

Wuri ya yi tsit. Wanda na buga tsoho ne, siriri, kansa ba rawani, furfura fes. Ya durƙusa ya riƙe wuyan hannunsa, bai yi ko ƙara ba. Samari suka yo kaina, ya ɗaga ɗaya hannun ya faɗi kalma guda, suka tsaya. A cikin shirun nan ladan ya ɗaga murya daga wani masallaci can baya.

Sai a lokacin idona ya buɗe. Tabarmi ne shimfiɗe a gefen titi, dogon layi. Ga manyan farantai a rufe, ga tuluna da jaguna, ga butoci an jera. Farin ƙyallen da ya tare mu rawanin tsohon ne. Fasinjojin da aka jawo har sun fara tuɓe takalma suna zama.

Tsohon ya tsinci dabino ɗaya daga ƙasa, ya hure shi, ya miƙo mini da hannun hagu, ya ce da Hausa, irin ta Sakkwatawan da, "Ka yi haƙuri da hagu, ɗana, damar ka ɗauke ta. Sha ruwa tukuna."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na karɓi dabinon, na kasa kai shi baki. Shi ya tura mini hannun.

Aka zaunar da ni a kusa da shi. Aka ba ni wani jan abin sha mai tsami-tsami da zaƙi, aka turo asida, wato tuwonsu, da miya. Kwalin kuwa ga shi can a jingine da bango, ba wanda ya taɓa igiyarsa. Bayan salla tsohon ya ce sunansa Alu. Kakanninsa da ƙafa suka taso za su Makka, suka tsaya noman auduga a Jazira, tsayawar ke nan. Shi ya dawo birni da ƙarfinsa ya ƙare a gona.

"Kowace yamma ta azumi muna tare hanya," in ji shi. "Wanda magariba ta riska gabanmu ba shi wucewa da baki busasshe. Abin kunya ne gare mu. Kuma ga mutanen gaba can, su ma da tabarminsu, in mun yi sanyi su kwashe muna baƙi."

Ya nuna Mai Waya, wanda ya tsugunna nesa kaɗan ya kasa haɗa ido da ni. "Wannan ɗana ne, Zainul'abidin, aiki yake a masana'anta a Bahri, can hayin kogi. Ya kira ni ya ce, Baba, na ji wani yana zagi da Hausa tsantsa a Jackson, kuma hanyarmu zai bi. Na ce in ka bari ya kuɓuce kada ka shigo mini gida. Na jima ban ciyar da mutumin ƙasar kakana ba."

Na juya ga Zainul'abidin, haushi da kunya sun cakuɗe mini. "To kai don Allah, ba ka da baki ne? Wuni guda kana bina, ba za ka ce mini sannu ba?"

Ya sosa ƙeya. "Kawu, Hausa nawa... shuwayya. Kaɗan. Ka zagi mutum da kyau, na ji tsoro ka yi mini dariya. Kuma in na ce ka zo gida, za ka ce a'a."

Gaskiya ya faɗa, da a'a zan ce.

Ban yi niyyar ba su labari ba, amma hannun tsohon yana kumbura a gabana, dole in ce wani abu. Na gaya musu hanyar Birnin Gwari, da fasinjan da ya wuni yana waya, da yatsan da ya nuna mu. Na gaya musu keken wa ke cikin kwalin. Baba Alu ya fassara wa na kusa da shi a hankali. Zainul'abidin ya dubi wayar da ke hannunsa, ya kashe ta, ya tura ta aljihu.

"Allah shi jiƙan Auwal," in ji tsohon. "Ashe can ma ana tare hanya."

A ɗakin baƙinsu na kwana. Da safe na kwance kwalin a tsakar gida, na ɗaura tayoyi, na sa feda, na ba tayoyin iska da famfon nan da na ƙi jinin gani. Keken ya tsaya cak, ko ƙwarzane babu. Na kaɗa ƙararrawar, sautin da na sani, sai da na juya baya na share ido. Jabal Awliya ba nisa, in na tashi a lokacin zan isa kafin rana ta yi zafi.

Ina ɗaure jaka sai ga Baba Alu an dawo da shi daga wurin mai ɗori, hannu a naɗe an rataye masa a wuya. Matarsa Hajaratu ta leƙo daga madafa, tsohuwa ce mai baki, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Au, tafiya za ka yi? Ka karya mini miji, ka ci asidata, ka hau ƙarfenka ka gudu? To wa zai riƙe masa rawani yau, ni?"

"Ƙyale shi, Hajaratu," in ji tsohon. "Baƙo ne, hanya gare shi."

Na sauke jakar.

Da yamma ta yi aka shimfiɗa tabarmi, aka fito da farantai. Zainul'abidin bai dawo ba, an ce gada ta cushe. Samarin jiya ma rabi ba su nan. Na fito da keken na jingina shi da bango inda idona zai riƙa kaiwa, don har lokacin ban iya barinsa a bayana ba. Baba Alu ya warware rawaninsa da hannu ɗaya, ya ba maƙwabcinsa Abdullah baki guda ya tsallaka titi da shi, ya miƙo mini ɗayan.

Na karɓa. Ƙyalle ne kawai, mara nauyi. Ni Ishaku, ni ne yau a bakin hanya ina jiran mota in tare ta.

Wata babbar mota ta taho. Na ga direban, na ga ya ƙi rage gudu, na ji ƙarar injin ta cika mini kai. Ban san sanda na saki ba. Rawanin ya faɗi, motar ta bi ta kansa ta wuce, can gaba muka hango mutanen ɗaya tabarmar sun tare ta suna murna. Abdullah ya ɗaga hannu sama yana faɗa da Larabci. Na waiga wajen Baba Alu. Ya dubi farantan da Hajaratu ta wuni tana dafawa, ya dubi tabarmin da ba kowa a kai, ya sunkuyar da kai. Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Rana saura ƙiris. Can sai ga wata farar motar haya, cike maƙil, tana gudu irin na wanda ya ƙudura ba zai tsaya ba. Na ɗauki bakin rawanin, da sawun taya a jikinsa, na san ƙyalle kaɗai ba zai tsayar da wannan ba.

Na je bango na ɗauko keken Auwal. Na tura shi har tsakiyar kwalta, na gicciye shi, na tsaya a bayansa, rawani a hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan sirdi. Na ji tsohon yana kira, "Ɗana, kekenka!" Ban waiga ba. Oda ta cika duniya, na rufe ido, na kaɗa ƙararrawar kamar mahaukaci.

Birki ya yi kuka, ƙura ta rufe ni. Da na buɗe ido hancin motar na dab da tayar gaba, direba ya zuro kai yana zazzaga mini abin da ban ji ba, rabi faɗa rabi dariya.

Ladan ya ɗaga murya. Na kafe keken a kan ƙafarsa, na bar shi nan tsakiyar titi, na juya masa baya. Na ɓalle ƙofar motar, na kama mutumin farko da hannu biyu, na ce masa da Hausa, "Sauko, wallahi ba ka wucewa."